Mahaifiyata ta rasu da sankarar mama, an ce in auna istirojin a fitsari: ina mafita?

Assalamu alaikum. Shekarata 38, yarana huɗu. An gano sankarar mama a jikin mahaifiyata tana da shekara 45, bayan shekara biyu Allah ya yi mata rasuwa. Bara kuma aka cire wa ƙanwarta nono ɗaya, ita tana da shekara 49. Shekara uku ke nan ina allurar tazarar haihuwa ta wata uku, al'adata ta ɗauke, nauyina ya tashi daga kilo 64 zuwa 81, tsayina kuwa mita 1.6 ne. Wata mai sayar da magunguna a zaurenmu na WhatsApp ta ce jinin da ba ya fita ne ke taruwa, kuma "mugun istirojin" ya yi min yawa. Ta ce in biya a aika fitsarina waje a auna, in sayi wata ƙwaya mai suna DIM in riƙa sha, in daina cin awara. Kuɗin da yawa, amma tsoro ya hana ni barci. Ku ba ni shawara.

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya jiƙan Mama, ya ba Inna lafiya mai ɗorewa. Tsoronki yana da dalili, kuma ba za mu ce miki ki manta da shi ba. Sai dai kuɗin nan kada ki kai su wurin gwajin fitsari ko ƙwayar DIM. A duk wasiƙarki abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne shekaru biyun da kika ambata, 45 da 49, a jikin ya da ƙanwa. Wannan shi ne zai kai ki asibiti cikin watan nan. Za mu zo kansa, amma bari mu fara warware zancen istirojin, domin mai maganin ta haɗa gaskiya da abin da ba gaskiya ba, kuma irin wannan haɗin ya fi ƙarya zalla wuyar ganewa.

Istirojin sinadari ne da jikin mace ke buƙata. Shi ke fito wa yarinya da ƙirgar dangi, ya tsara al'ada, ya shirya mahaifa ta karɓi ciki, ya riƙe ƙarfin ƙashi. Manyansa uku ne. Istiradiyol shi ne mafi ƙarfi, daga gidan ƙwai yake fitowa muddin mace tana al'ada. Istiriyol na lokacin goyon ciki ne, mabiyiya ke yin sa. Istiron kuma shi ke rinjaye bayan mace ta daina al'ada, kuma a cikin kitse ake sarrafa shi: wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda suna fitar da wani sinadari, sai wani inzayim (sinadarin da ke juya wani sinadari ya zama wani a jiki) mai suna aromatas da ke cikin kitse ya juya shi ya zama istirojin. Ki riƙe wannan batu na kitse, za mu dawo masa.

Alaƙarsa da sankarar mama tsohon sani ne. A 1896 wani likitan fiɗa a birnin Gilasgo, George Beatson, ya ba da rahoton yadda ya cire wa wata mata mai sankarar da ta yi nisa gidajen ƙwanta biyu, sai ƙullutun ya motse, alhali a lokacin ba a ma gano istirojin ba. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin naman nono suna da wani gurbi da istirojin ke shiga ya umarce su su rabu su yawaita. Duk lokacin da ƙwaya ta rabu sai ta kwafi bayanan gadonta, kuma kowace kwafa tana iya zuwa da kuskure. Kamar ruwan damina ne, gero da ciyawa duk yana shayar da su: in akwai ƙwayar da ta riga ta lalace, istirojin zai ciyar da ita kamar yadda yake ciyar da masu lafiya. A 2002 an haɗa sakamakon bincike tara da suka bi matan da suka daina al'ada, aka ga waɗanda istiradiyol ɗin jininsu ya fi yawa haɗarinsu ya kai kusan ninki biyu na waɗanda nasu ya fi ƙaranci. Haka nan duk shekara ɗaya da yarinya ta riga sa'o'inta fara al'ada tana ƙara haɗarin da kusan kashi 5 cikin 100, duk shekarar da ɗaukewar al'ada ta yi jinkiri tana ƙara kusan kashi 3. A ɗaya ɓangaren, wani babban nazari na 2002 da ya haɗa bincike 47 daga ƙasashe 30 ya nuna kowace haihuwa tana rage haɗarin da kusan kashi 7, kowane wata 12 na shayarwa kuma yana rage kashi 4.3. Yaranki huɗu da shayarwar da kika yi musu suna cikin abin da ke gefenki.

To daga ina zancen "mugu" da "nagari" ya fito? Daga hanta. Jiki ba ya barin istirojin ya yi ta yawo a jini, hanta ce ke kama shi ta sauya masa siffa don a iya fitar da shi, kuma aikin hawa biyu ne. A hawan farko wasu inzayim da ake kira CYP suna liƙa masa ɗan ƙaramin gutsure a ɗaya daga gurabe uku, waɗanda masana suka sa wa lamba 2 da 4 da 16. Wanda aka liƙa wa a gurbi na 2 ƙarfinsa na sa ƙwaya ta rabu kaɗan ne. Na gurbi na 16 yana riƙe da ƙarfinsa, yana kuma manne wa gurbin ƙwayar nono sosai. Na gurbi na 4, wanda inzayim CYP1B1 ke yi har a cikin naman nono kansa, yawansa kaɗan ne amma in bai samu an rufe shi da wuri ba yana iya rikiɗa ya zama wani abu da ke yi wa bayanan gadon ƙwaya rauni kai tsaye. A hawa na biyu wani inzayim mai suna COMT yana rufe na 2 da na 4 su zama ba su da illa, wasu kuma su ɗaure istirojin da abin da zai sa ya narke a ruwa, ya fita ta fitsari ko ya bi ruwan maɗaciya ya sauka hanji. A hanji ma labarin bai ƙare ba, domin wasu ƙwayoyin bakteriya suna kwance wannan ɗauri, wani kaso na istirojin ya koma cikin jini.

Duk wannan gaskiya ne, yana cikin littattafan koyar da likitoci. A shekarun 1980 wasu masu bincike a Amurka, cikinsu har da Leon Bradlow, suka kawo hasashen cewa macen da hantarta ta fi karkata ga gurbi na 16 fiye da na 2 ta fi shiga haɗari, kuma za a iya gane ta ta hanyar auna rabon biyun a fitsari. Hasashe ne mai ma'ana, an kuma gwada shi yadda ya kamata: aka karɓi fitsari ko jinin dubban mata masu lafiya aka ajiye, aka jira shekaru, aka duba su wa suka kamu. Sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba. Wasu binciken sun ga ɗan bambanci, wasu ba su ga komai ba. Daga baya Cibiyar Kansa ta Ƙasa ta Amurka ta fito da na'urar da ke auna iri 15 na istirojin da rassansa a lokaci guda, kuma binciken da aka yi da ita ya nuna alamar cewa karkata ga gurbi na 2 yana tafiya da ɗan ragin haɗari a matan da suka daina al'ada. Amma abin da ya fi fitowa fili a nan ma shi ne jimillar istirojin ɗin gaba ɗaya. Har yau babu wata ƙungiyar likitocin kansa da ta sa gwajin rabon 2 da 16 cikin ƙa'idojinta, kuma babu lambar da aka yarda cewa daga nan haɗari ya fara.

A wurinki ma gwajin ya ƙara rasa amfani. Macen da ba ta kai shekarun daina al'ada ba istiradiyol ɗinta yana hawa da sauka, yakan ninka sau biyar ko fiye daga kwanakin jini zuwa lokacin fitar ƙwai, don haka awon rana ɗaya labarin ranar kawai yake bayarwa. Ke kuma allurar da kike yi ta kwantar da gidan ƙwanki, istirojin ɗinki yana ƙasa-ƙasa ne. Abin da muka fi jin tsoro shi ne sakamakon ya fito "lafiya lau" ki saki jiki, ki ƙi zuwa hoton nono, alhali haɗarinki na gado yana nan daram.

Ƙwayar DIM kuwa daga wani sinadari ne da ke cikin kabeji da danginsa. Gaskiya ne tana ɗaga rabon 2 a kan 16 a fitsari, wannan an gani. Abin da ba a taɓa nunawa ba shi ne cewa masu shanta sun fi waɗanda ba sa sha tsira daga sankara. Lamba ce ta canza a takarda. Akwai kuma abin da ya shafi Inna kai tsaye: a wani gwaji da aka buga a 2017 a Amurka, an ba matan da ke shan tamoksifen, wani maganin sankarar mama, ƙwayar DIM na shekara guda, sai aka ga sinadaran da tamoksifen ke rikiɗa ya zama a jiki, waɗanda su ne ke yin ainihin aikin, sun ragu a jininsu. In Inna tana shan tamoksifen, don Allah ki kira ta yau ki ce kada ta taɓa wannan ƙwaya. Kabeji dai ki ci abinki a kwaɗo ko a miya.

Awara ma ki ci. Waken suya yana da sinadarin da ya yi kama da istirojin, amma ƙarfinsa bai kai ko kusa ba, kuma a ƙasashen Asiya inda aka fi cin sa ba a ga ya ƙara sankarar mama ba. Wani bincike a birnin Shanghai da aka buga a 2009, wanda ya bi mata kusan 5,000 da suka riga suka yi ciwon, ya ga masu cin waken suya da yawa ciwon bai fi dawo musu ba, ya ma fi ƙaranci. Matsalar awararmu man da ake soya ta ne. Ƙwayoyin da aka tace sinadarin waken aka cusa a ciki su ne ba mu ba da shawarar sha ba. Haka nan mayukan shafawa da ƙwayoyin ƙara girman nono ko ƙugu da ake tallatawa a intanet: ba ki san abin da ke ciki ba, wasu na ƙiba an san ana samun dekzametason, wani magani mai ƙarfi da ke kumbura jiki, a cikinsu, kuma mace mai tarihi irin naki ba ta da dalilin zuba wa nononta abin da ba a san shi ba.

Yanzu allura. Jini ba ya taruwa a cikinki. Jinin al'ada shimfiɗar cikin mahaifa ce da ke kauri kowane wata sannan ta zube. Allurar wata uku tana hana shimfiɗar yin kauri, don haka babu abin da zai zube, kuma kusan rabin masu yin ta al'adarsu takan ɗauke bayan shekara guda. Babu istirojin a cikinta ma sam, sinadarin furojestin ne, miligiram 150. Duk da haka ba za mu ce miki ba ta da alaƙa da nono ba. Wani bincike na Jami'ar Oxford da aka buga a 2023 ya nuna hanyoyin tazara masu sinadari, har da na furojestin zalla kamar allura da robar hannu, suna ƙara haɗarin da kashi 20 zuwa 30 cikin 100 yayin da ake amfani da su da ɗan lokaci bayan an daina. In aka mayar da shi lissafin mutane, a cikin mata 100,000 da suka yi amfani da su shekara biyar tsakanin shekara 35 da 39, za a samu ƙarin mata kusan 265 da za su kamu cikin shekara 15, wato ƙasa da uku a cikin dubu. Ƙari ne ƙarami, kuma yana gushewa bayan an daina. Wannan ma ya nuna miki cewa zancen ya wuce ƙirga istirojin kawai, tunda ga allurar da ke rage shi amma ba ta rage haɗarin ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta hana mai tarihin sankara a dangi yin allurar ba, wadda ke da ciwon a jikinta aka hana. Amma a ra'ayinmu, ga macen da ta ƙara kilo 17 a kanta, kuma uwa da inna suka yi ciwon, robar mahaifa mai jan ƙarfe ta fi dacewa. Ba ta da sinadari ko kaɗan, tana aiki shekara 10, ana cire ta duk ranar da aka so. Aibinta shi ne jinin al'ada yakan ƙaru da ciwon mara, musamman a wata uku zuwa shida na farko, don haka a auna jininki kafin a sa, in yana ƙasa a ba ki maganin ƙarin jini. Ku tattauna da maigida, ku je sashen tazarar haihuwa kafin ranar allura ta gaba, a sa robar kafin ƙarfin allurar ya ƙare. Kuskuren da mata da yawa ke yi shi ne su daina allura don tsoro ba tare da madadi ba, sai ciki ya shiga ba shiri. Kada kuma ki damu in al'ada ta yi watanni ba ta dawo ba, haka allurar take.

Batun nauyi shi ne inda hannunki ya fi kaiwa. Kilo 81 a tsayin mita 1.6 ya ba da ma'aunin jiki kusan 31.6, daga 30 kuwa ake kiran sa ƙiba. Kafin mace ta daina al'ada ƙiba ba ta cika ƙara haɗarin sankarar mama ba, amma nan da shekara 10 ko 12, idan gidan ƙwai ya yi ritaya, kitsen nan shi zai zama babbar masana'antar istirojin a jikinki. Ƙiba tana kuma rage wani furotin da hanta ke yi wanda ke ɗaure istirojin a jini, sai wanda ke sake ya yawaita, ga insulin da ke hauhawa shi ma yana ingiza ƙwayoyi su rabu. An gwada wannan a birnin Siyatil na Amurka da mata sama da 400 masu ƙiba da suka daina al'ada, aka buga a 2012: waɗanda suka rage abinci na shekara guda istiradiyol ɗinsu ya sauka da kusan kashi 16, waɗanda suka haɗa da motsa jiki ya sauka da kusan kashi 20. Babu ƙwayar kanti da ke da irin wannan shaida.

Ki sa burin rage kilo 4 zuwa 8 cikin wata shida, wato ƙasa da rabin kilo a mako. Ki karɓi tef ɗin tela ki auna cikinki daidai saitin cibiya bayan kin saki numfashi: sama da santimita 88 ya yi yawa, ƙasa da 80 ake so. Ki fara da abin sha, domin kwalbar lemo ta santilita 50 tana ɗauke da sukari kusan giram 50, cokalin shayi 12 ke nan, kuma zoɓo da kunun aya na sayarwa su ma sau da yawa ana zuba musu sukari sosai. Tuwo malmala ɗaya, miya da yawa. Wake, zogale, rama, kuɓewa, gero da dawa da ba a surfe dusarsu duka ba, duk suna taimaka wa hanji ya fitar da istirojin maimakon ya mayar da shi jini, ko da yake tasirin wannan kaɗan ne in aka kwatanta da rage nauyin kansa. Tafiya da sauri minti 30, kwana biyar a mako, irin wadda za ki iya magana amma numfashi ya ɗan hau. In fita tana da wuya, zagayen tsakar gida bayan asuba da bayan isha'i, minti 15 kowanne, ya wadatar. Shayin rage ƙiba mai sa gudawa ruwa kawai yake zubarwa. Giya ma tana ƙara haɗarin, ga wadda abin ya shafa.

Mu dawo ga shekaru 45 da 49. Mace mai uwa ko 'yar'uwa ɗaya da ta yi ciwon haɗarinta ya kusa ninki biyu, yana kuma ƙaruwa in ciwon ya zo kafin shekara 50. Ki ji wannan da kyau: duk da haka, mafi yawan matan da iyayensu mata suka yi sankarar mama ba sa yin ta har ƙarshen rayuwarsu. Amma ya da ƙanwa, dukansu ƙasa da 50, suna sa a yi zargin lahani a ɗaya daga ƙwayoyin gado biyu, BRCA1 da BRCA2, waɗanda aikinsu gyara kurakuran da muka ambata ne. Wannan ba ciwon Turawa kaɗai ba ne. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan, aka buga a 2018, ya duba mata 1,136 masu sankarar mama, ya samu kashi 7 suna da lahani a BRCA1, kashi 4 a BRCA2, adadin da ya fi wanda aka saba gani a Turai. Mai ɗauke da lahanin haɗarinta na sankarar mama ya kai kusan kashi 70 cikin 100 zuwa shekara 80, ga kuma na sankarar gidan ƙwai, kusan kashi 44 ga BRCA1 da 17 ga BRCA2. Yawancin sankarar da BRCA1 ke kawowa ma ba ta da gurbin istirojin, don haka gwajin fitsarin can ba zai taɓa hango ta ba.

In za a yi gwajin gado, da Inna za a fara, tunda ita ce ta yi ciwon kuma tana raye. In an samu lahanin a jikinta, sai a nemi wannan lahanin takamaimai a jikinki, da jini ko yawu. In ke aka fara aunawa aka ga babu, ba a san ko kin tsira ba ne ko kuwa dama abin da ke danginku wani ne daban da gwajin bai duba ba. In Mama tana ɗauke da shi, kowane ɗa nata, mace ko namiji, rabi da rabi ne ya gada. Kafin ki je, ki zauna da dattawan gida ki rubuta duk wanda ya yi sankara ta wajen uwa da ta wajen uba, da shekarunsa lokacin da ta kama shi: nono, gidan ƙwai (sau da yawa a gida "kumburin ciki" ake cewa), mafitsarar maza (wato furostet), da nono a jikin namiji. Gwajin yana da tsada, kuma ba kowane asibiti ke yi ba. In bai samu ba, likita zai bi ki a matsayin mai babban haɗari, kuma wannan ma hanya ce mai kyau.

Ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ita ce a fara hoton nono shekara 10 kafin shekarun da aka gano ciwon a jikin uwa. Naki ya kama 35, kin wuce da uku. Ki je sashen fiɗa na asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya mafi kusa da ke, kamar Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Maiduguri. Ki faɗi tarihin nan da bakinki tun a jumlar farko. Likita zai duba nonon da hammata da hannu, ya tura ki mamogiram, wato hoton nono. A shekarunki naman nono yakan yi kauri har ya ɓoye ƙullutu a hoton, shi ya sa ake haɗawa da sikanin. Ranar hoton kada ki shafa hoda ko turaren hammata, suna fitowa kamar ɗigon ciwo. Ki ajiye hoton da rahotonsa, domin da shi za a gwada na baɗi, kuma kowace shekara za ki maimaita. In an tabbatar da BRCA, ana ƙara hoton MRI duk shekara, a kuma tattauna cire gidajen ƙwai da bututunsu bayan an gama haihuwa, tsakanin shekara 35 da 40 ga BRCA1, 40 zuwa 45 ga BRCA2.

Tsakanin hoto da hoto ki san nononki. Mai al'ada takan duba kwana 7 zuwa 10 daga farkon jini, ke da taki ta ɗauke ki zaɓi ranar ɗaya ga kowane wata. Ki tsaya gaban madubi hannu a ƙugu, sannan hannu sama, ki duba ko fata ta lotsa, ko ta yi kaushi kamar ɓawon lemo, ko kan nono ya shige ciki. Sannan ki kwanta, ki sa hannu ɗaya a ƙarƙashin kai, ki bi nonon da tafin yatsu uku na ɗaya hannun, layi-layi daga ƙashin wuya zuwa ƙasan nono har cikin hammata. Kada ki matsa nama tsakanin yatsu biyu, kowane nono zai ba ki ƙullutu in kika yi haka. Jini ko ruwa daga kan nono ɗaya ba tare da an matsa ba, ko ƙullutu mai tauri, ko kaluluwa a hammata, duk na zuwa asibiti ne cikin mako biyu. Rashin zafi ba alamar lafiya ba ne, sankarar farko yawanci ba ta ciwo. Wannan dubawa ba ta maye gurbin hoto.

In an ga wani abu, za a ɗebi ɗan nama da allura a auna. Mun san maganar da ake yi cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya bazu. Wannan magana ta jawo asarar rayuka masu yawa. Allurar ba ta yaɗa ciwo. Abin da ke faruwa shi ne ana zuwa ne bayan ciwon ya riga ya bazu, sai a ɗora wa allura laifin watannin da aka yi ana shafe-shafe a gida. Ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na 2022 ya nuna mata kusan 32,000 ne suka kamu a Nijeriya a shekarar, kusan 16,000 suka rasu, kuma babban dalilin yawan mutuwar shi ne zuwa a makare. Yawancin ƙullutun da ake aunawa ma ba sankara ba ne. In an ɗebi naman, ki tabbatar an jefa shi cikin ruwan fomalin, wato ruwan adana nama, cikin awa ɗaya, ya kai ɗakin gwaji da wuri, domin ƙa'ida ita ce ya zauna a ruwan tsakanin awa 6 da 72. Naman da aka bari a leda ko ya kwana biyar a jaka yana iya nuna babu gurbin istirojin alhali akwai, a hana mace maganin da zai amfane ta. A nemi sakamakon abubuwa uku: ER (gurbin istirojin) da PR (gurbin furojestaron, wani sinadarin jikin mace) da HER2 (wani furotin da ke sa ƙwayar sankara saurin yawaita). Ki tambayi Inna ko an yi mata wannan, in ba a yi ba ana iya yi daga naman da aka adana a asibitin da aka yi mata aiki.

Akwai maganin rigakafi na gaske ga wadda likita ya lissafa ya ga haɗarinta ya yi yawa. Tamoksifen, miligiram 20 kullum na shekara biyar, yana toshe gurbin istirojin a nono, kuma manyan gwaje-gwaje a Amurka da Ingila sun nuna yana rage kamuwa da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, a irin sankarar da ke da gurbin. Yana da nasa haɗarin: daskarewar jini a ƙafa ko huhu, sankarar mahaifa a wasu 'yan kaɗan musamman bayan shekara 50, zufa da jin zafi, kuma yana cutar da ɗan tayi, don haka ba a shan sa sai da tazara mai ƙarfi marar sinadari, wanda ya sake kai mu ga robar jan ƙarfe. Kada ki saya a kemis da kanki. Ki tambayi likitan da ya duba ki ko kin cancanta, bayan ya ga hoton da tarihin dangi.

In kina da 'yan'uwa mata da suka kai 35, ku tafi asibitin tare. Waɗanda ba su kai ba su je a duba su da hannu sau ɗaya a shekara daga shekara 25, 'ya'yan Inna mata ma haka. Yaranki kuwa ba a yi wa ƙananan yara gwajin gado, sai sun girma sun zaɓa da kansu. Ki rubuto mana abin da hoton ya nuna da abin da ke cikin takardar gwajin naman Inna, za mu bi su tare da ke layi-layi. Allah ya tsare, ya sa a ji alheri.